Yadda Iyaye Za Su Nema wa Yaro Gurbin Karatun Wasan Kwaikwayo a Jami'a

Yaron da ya gwanance a wasan tashe, ko yarinyar da ke kwaikwayon muryar kowace gwaggo a gidan biki har mata su riƙe ciki don dariya, wata rana suna iya buɗe baki su ce abin nan suke so su karanta a jami'a. A gari irin Dandin Mahe da ke jihar Sakkwato amsar da aka saba bayarwa tsawa ce, ko a share zancen kamar ba a ji ba. Sai dai tsawa ba ta cika kashe sha'awa ba. Sau da yawa yaro kan tara kuɗin mota a ɓoye ya nufi Kano neman wanda zai sa shi a fim. Wannan rubutu na iyayen da suka ga gara ragamar ta zauna a hannunsu ne, a bi ta makaranta, a fito da shaidar digiri.

Mataki na farko ba ya buƙatar ko sisi. A zaunar da yaron a tambaye shi: fitowa a fim yake so, ko waƙa, ko rubuta labari, ko riƙe kyamara? Waɗannan sana'o'i ne daban-daban. A yawancin finafinan Hausa mawaƙi ne ke rera waƙa a sutudiyo, ɗan wasa yana motsa baki ne kawai. Idan burin yaro bai wuce a gan shi a allo ba, a gaya masa gaskiya cewa digiri ba tikitin shiga Kannywood ba ne. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a 2024, labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Abin da sashen wasan kwaikwayo ke koyarwa cikin shekara huɗu ya fi fitowa a allo faɗi: rubuta wasa, ba da umarni, tsara dandamali da fitilu da sutura, tarihin wasan kwaikwayo, da amfani da wasa wajen wayar da kan jama'a. Su ma iyaye su sani tun yanzu cewa akwai kiɗa da rawar gargajiya a cikin kwas ɗin, maza da mata suna aiki tare, kuma atisaye kan kai dare idan wasa ya matso. Wanda ba zai lamunta ba ya faɗa tun kafin a sayi fom, kada sai yaro ya kai aji biyu a ce ya tattaro ya dawo gida.

Mataki na biyu shi ne inda aka fi yin asara, kuma ana yin ta ne shekara uku kafin a ma fara maganar jami'a. Sassan wasan kwaikwayo suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma dole a samu Turanci da Adabin Turanci a ciki. Darasi biyu ne, ba ɗaya ba. Adabin shi ne wanda ake karanta littattafan ƙagaggun labarai da wasanni da waƙoƙi na marubutan Afirka da na waje, har da Shekisfiya. A aji ɗaya na babbar sakandare ake zaɓen darussa, kuma makarantun karkara da dama ba su da malamin adabin, sai a cusa wa ɗalibi wani darasi a madadinsa ba tare da an tuntuɓi kowa ba. Yaro zai gama da sakamako mai kyau, a je cike fom, sannan a gane ƙofar a rufe take.

Don haka uba ko wan yaron ya taka da ƙafarsa zuwa wurin shugaban makaranta ya tambaya ƙarara: ana koyar da Adabin Turanci a nan? Za a yi wa ɗalibai rajistarsa? Idan babu malami, a nemo littattafan da aka tsara na wannan zangon a Sakkwato, a samu wani malamin Turanci ko ɗan bautar ƙasa ya riƙa zama da yaron da yamma. Idan kuma an riga an gama ba tare da shi ba, ba a yi latti ba. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara, kuma jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. A dai tabbatar wadda ake nema tana cikinsu. A ganina, naira dubu da aka kashe kan wannan darasi ta fi dubu goma da za a kashe daga baya wajen neman alfarma.

Na uku, a daidaita takardu. Tun 2021 hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga jami'a, ba ta yin rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa, wato NIN, kuma suna da ranar haihuwar da ke jikinta su za ta ɗauka. A nan mutanenmu ke shan wahala. Takardar firamare ta ce Muhammadu, ta sakandare ta ce Mohammed, katin ɗan ƙasa ya ɗora sunan gari a ƙarshe, wani wurin an haɗe Dandinmahe wani wurin an raba. A baje takardun duka a kan tabarma a gwada su harafi da harafi, a gyara wanda ya saɓa tun da wuri, domin gyara yana cin makonni. A karɓo takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma a sakatariya, Shagari ko Boɗinga, gwargwadon inda asalin gidan yake, da takardar haihuwa. A saya wa yaron layin waya nasa na kansa wanda ba a taɓa rajistar JAMB da shi ba, a adana shi kamar takardar gona, domin duk saƙon hukumar ta nan zai riƙa shigowa. JAMB ta kuma sa shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a.

Sai zaɓen makaranta. Mafi daɗewa a wannan fanni a ƙasar Hausa ita ce Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda aka fara karatun wasan kwaikwayo a 1975 ƙarƙashin jagorancin Michael Etherton. Gidan wasanta ma an gina shi ne da fasalin ginin ƙasa irin namu, da zagayayyun ɗakuna kewaye da fili. Abin da ya fito da sunan Zariya shi ne fita ƙauye: malamai da ɗalibai su zauna da manoma, su saurari matsalolinsu, su mayar da su wasa da Hausa a dandalin gari, kamar yadda aka yi a Soba da Maska da Bomo. Uban da ke zaton karatun nan shashanci ne ya dubi wannan. Kuma ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin tun kafin samun 'yancin kai Abubakar Tunau, ɗan lardin Sakkwato, ya rubuta Wasan Marafa don faɗakarwa kan tsafta da lafiya. Jami'ar Bayero ta Kano ita ma tana da sashen, ga shi kuma a tsakiyar garin da masana'antar fim take. A Jos akwai sashen jami'ar, akwai kuma Cibiyar Koyon Aikin Fim ta Ƙasa ga wanda hankalinsa ya fi karkata ga kyamara da tace hoto.

Idan iyaye ba su son yaro ya yi nisa, musamman 'ya mace, akwai hanyar kusa. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ana nazarin wasan kwaikwayon Hausa a sashen harsunan Najeriya, a matsayin reshe na adabi. Nazari ne ya fi yawa a can, ba hawa dandamali ba, amma marubucin fim na iya fitowa daga nan. Kowace aka zaɓa, a sa ta a zaɓi na farko, don manyan jami'o'in tarayya ba su cika waiwayar wanda ya sa su na biyu ba. Wani abin da ya kamata a sani: jami'o'in tarayya kan raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka ayyana sun yi baya a ilimin boko, kuma Sakkwato na cikin waɗannan. Amfanin takardar ƙaramar hukuma ke nan.

Rajistar JAMB kan buɗe a farkon shekara. Ana tura kalmar NIN da lambobinta goma sha ɗaya zuwa 55019 ko 66019 daga layin yaron, a samu lambar sirri, a biya kuɗi, sannan a je cibiyar kwamfuta da hukumar ta amince da ita. A 2025 kuɗin naira 7,200 ne, ko 8,700 ga mai son jarrabawar gwaji. Kada a ba mai shagon intanet na bakin kasuwa aikin rajistar. Yaron da kansa zai je don ɗaukar hoton yatsu, kuma wani babba ya raka shi ya karanta abin da aka cike kafin a tura. Darussa huɗu ne: Turanci, Adabin Turanci, da biyu daga fannin fasaha ko zamantakewa, kamar Hausa, Addinin Musulunci, Tarihi ko Gwamnati, bisa abin da kundin JAMB na shekarar ya nuna wa wannan jami'ar. Tambaya 180 ce a awa biyu, maki 400. A 2025 mafi ƙarancin makin shiga jami'a 150 ne, amma kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, don haka kada a yi buri a kan 150. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, a biya masa kuɗin jarrabawar gwaji.

Bayan sakamako ya fito kowace jami'a tana yin tata tantancewar. Wata jarrabawa ce a kwamfuta, wata duba takardu ne kawai ta intanet. A Ingila da Amurka makarantun wasan kwaikwayo sun fi dogara ga gwajin baiwa: ɗalibi ya tsaya gaban malamai ya yi jawabin wani ɗan wasa shi kaɗai, tsohon rubutu ɗaya, na zamani ɗaya, wani lokaci ya ƙara da waƙa. A Najeriya takarda ce ke gaba, amma sashe na iya kiran ɗalibi ya nuna abin da ya iya, kuma ko bai kira ba, makonnin farko na karatu za su nema. Saboda haka a shirya.

Yaron ya zaɓi guntu biyu, kowanne kada ya wuce minti biyu, ɗaya da Turanci daga littafin da ya karanta a makaranta, ɗaya da Hausa. Su bambanta: idan ɗaya na ban dariya ne, ɗayan ya zama na fushi ko baƙin ciki. Ya haddace su har ya daina tunanin kalmomin, ya san wa yake yi wa magana a cikin wasan da abin da yake nema a wurinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwaikwayon wani tauraron fim, da muryarsa da tafiyarsa. Malamai sun ga irinsa har sun gaji. Ya tanadi waƙa ɗaya da zai iya rerawa ba kiɗa, wadda ta dace da muryarsa, ko da ta dandali ce ko ta daka. Aikin iyaye a nan mai sauƙi ne: Inna ta zauna a ƙarshen tsakar gida, shi ya tsaya a zaure ya yi. Idan ba ta jin kowace kalma sai ya yi ihu, da sauran aiki. A ɗauka da waya ya kalli kansa. Kada a yi masa dariyar raini, kada kuma a yaba abin da bai yi kyau ba. Ranar gwaji ya sa tufafi masu tsafta da zai iya motsi a ciki. Yarinya ta je da hijabinta, ba abin da zai rage mata. Idan aka ce a sake yi ta wata siga, ba faɗuwa ba ce, ana duba ko yana jin gyara ne.

Tafiya Zariya daga Sakkwato ta Talatar Mafara da Gusau da Funtuwa doguwa ce, kuma kowa ya san halin da hanyar take ciki. A shiga mota a tasha da sassafe, a isa kwana guda kafin ranar tantancewar, a san inda za a sauka tun daga gida.

Samun gurbi kuwa ta hanya ɗaya yake tabbata: shafin JAMB da ake kira CAPS, wanda aka fara aiki da shi a 2017. A tabbatar an ɗora sakamakon WAEC ko NECO a can ta hannun cibiyar da aka yi rajista, in ba haka ba ko maki ya kai ba za a duba yaron ba. Idan gurbi ya fito a danna amincewa ba jinkiri, a buga takardar. Duk gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da shi ba, kuma matsalar kan ɓullo ne lokacin tafiya bautar ƙasa. Wanda bai samu ba a bana yana iya yin IJMB ko NCE ko difloma, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ta fuskar kuɗi, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, da ya fara aiki a 2024, yana biya wa ɗaliban makarantun gwamnati kuɗin makaranta ba ruwa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. A kuma nemi tallafin karatu na gwamnatin jiha.

A duk tsawon wannan hanya za a gamu da masu cewa sun san wani a jami'a, ko furodusa ne su da ke tantance sababbin fuskoki, a turo kuɗin fom ta waya, ko yarinya ta zo otal ita kaɗai. Jami'a ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, kuma tantancewar gaskiya ba ta ƙin ɗan rakiya. Ranar da kuka kai yaro rajista, ku nemi ofishin shugaban sashe ku gaisa, ku gabatar da kanku, ku karɓi sunan malamin da ke kula da 'yan aji ɗaya, sannan ku kama hanyar gida.