Inda Ruwa Yake Ɗiga Ba Nan Ya Shiga Ba

A watan Agustan bara ina hutu a Tudun Wada, kawuna ya aiko a kira ni. Ina zuwa ya ce, "Kai ɗan boko, ba gini kake karantawa ba? To zo ka gani." Gidansa bene ne, akwai baranda a sama wadda ba a rufe ba, ƙarƙashinta kuma shagon da yake ajiye masara. Ruwa na ɗiga ta gefen ƙwan lantarki, har buhu uku sun yi funfuna. Sau biyu birkila yana yin fulasta daga ciki, yana shafe wurin da fenti, ruwa yana dawowa.

Na ce, "Kawu, a kashe wutar shagon tukuna, sannan a bar ni in hau sama."

'Yan uwa ɗalibai, darasin farko ke nan: ruwa ba ya sauka a miƙe cikin dekin. Yana shiga ta wata kafa, ya bi tsaga ko bututun wayar lantarki da aka binne, ya je ya ɓulla can nesa. Mai toshe yoyo daga ƙasa hanya kawai ya canza wa ruwa. Kuma ba masara kaɗai ke cikin haɗari ba. In ruwa ya daɗe yana taɓa rodi sai ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren, ya fara ɓaɓɓakowa. Mu 'yan kudancin Kano abin ya fi shafar mu, domin daminar Tudun Wada da Doguwa ta fi ta birni ruwa da daɗewa.

Da ka hau sama, ka duba wurare huɗu. Indararo, ko ya toshe ko an sa shi sama da daɓe. Kusurwar da daɓe ya haɗu da katangar gefe. Duk inda aka huda dekin, kamar gindin ƙarfen baranda ko ƙusar tauraron ɗan adam. Sai bakin ƙofa da tsakanin tayil. Inda ka ga tabon laka ko gansakuka, to nan ruwa ke kwana.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an gwada. Na jira muka sami kwana biyu ba ruwa, ɗigar ta tsaya. Na raba barandar gida uku da kunyar yumɓu, na toshe indararo da tsumma da leda. Na fara da ɓangaren da ya fi gangara, na zuba ruwa ya kai santimita 5, na yi alama da alli. Kada ka wuce haka, domin ruwa santimita 5 nauyinsa kilo 50 ne a kan kowace murabba'in mita. Ana ba kowane ɓangare awa 24, wani yana tsaye a ƙasa yana lura. Dalilin farawa daga gangare shi ne, in ka fara daga tudu ruwan zai malalo ya jiƙa ko'ina, ka rasa gane mai laifi.

Mu ko awa uku ba a yi ba ƙanena ya ƙwala kira, "Yaya, ya fara!" Da na ɗaga tayil biyu na bakin indararo, sai ga rami a kewayen bututun, yatsa yana shiga. Daga nan zuwa ƙwan lantarkin kusan mita uku ne.

Kawu ya so a gyara a ranar. Na ba shi haƙuri, domin kwalta ba ta kama jiƙaƙƙen siminti. Muka lulluɓe wurin da tamfol, muka matsar da masara, sai Nuwamba muka yi aikin. Muka cire tayil, muka buɗe kowace tsaga da kurfi, muka share ƙura, muka cike. Muka saukar da indararon ya yi daidai da daɓe, muka ɗaure kewayensa. Muka sake daɓe da siminti ɗaya, yashi uku, tare da gangara. Mafi ƙarancin gangara shi ne 1 cikin 80, wato barandar mita 4 ta sauka santimita 5. Kusurwoyi muka cike su suka yi lanƙwasa. Kwana bakwai ana ba daɓen ruwa, da ya bushe sarai aka shimfiɗa kwalta, aka naɗe ta jikin katanga santimita 15. Kafin a mayar da tayil muka sake tara ruwa na awa 24. Shago ya kwana a bushe.

Wani tsohon magini da ya tsaya kallonmu ya yi dariya ya ce ai soron ƙasa ma haka yake. Su da makuba da katsi suke yaɓe, kuma kowace bazara sai sun hau sun duba indararo kafin ruwan fari. Mu da muke ganin kankare ba ya buƙatar kulawa, nan aka bar mu a baya.

Damina ta sake zagayowa, masarar Kawu lafiya lau. Yanzu "Injiniya" yake kira na, ko da yake har yau bai biya ni kuɗin aiki ba.