Hanyar Abinci A Cikin Ɗan Adam

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗar ragon layya ya ga kayan ciki. Ya ga tumbi da hanji da hanta. To, ɗan Adam ma yana da irin waɗannan. Bambancin shi ne tumbin rago kashi 4 ne, na mutum kuwa guda ne tak. Wannan darasi na cikin abin da ɗaliban makarantar koyon aikin jinya ta Birnin Kudu ke koya, amma manomi da uwar gida ma suna da buƙatarsa.

Tafiyar abinci daga baki take farawa. Haƙora su tauna, yawu ya jiƙa, sai loma ta bi maƙoshi ta faɗa tumbi. A can akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai. Shi ke dama abinci har ya koma kamar kunu, ya kuma kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Bayan 'yan sa'o'i sai abincin ya gangara ƙaramin hanji. Sunansa ƙarami don siririntarsa ne, amma tsawonsa ya kai kamar mita 6. Hanta tana aiko masa da ruwan matsarmama, wannan koren abu mai ɗaci da mahauci ke cirewa a hankali. Aikinsa narkar da maiƙo. A ƙaramin hanji ne amfanin abinci ke ratsawa ya shiga jini. Abin da ya rage sai ya wuce babban hanji, ya tsotse sauran ruwan, dusar kuma ta fita.

A nan ya kamata a natsu. Kowace rana ruwa kamar lita 8 zuwa 9 ke bi ta hanjin babban mutum, in an haɗa wanda ya sha da wanda jiki ya zuba don narkar da abinci. Kusan dukkansa hanji ke mayarwa jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga ta gurɓataccen ruwa ko abincin da ƙuda ya taɓa, sai hanji ya kasa wannan aiki. Ruwan ya riƙa fita waje. Ita ce gudawa. Abin da ke kisa a gudawa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki, kuma na yaro ya fi saurin ƙarewa.

Mutanen Birnin Kudu da Gwaram ba baƙin wannan ba ne, musamman da damina, lokacin da ruwan sama ke kwaso ƙazantar daji ya zuba a rijiya da kududdufi. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa, wato kwalara, ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, sama da 3,500 suka rasu. Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Maganin farko ruwan gishiri da sukari ne. Sukari yana jan gishiri su ratsa bangon hanji tare, ruwa kuma ya bi su. A shekarar 1971 wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya gwada shi a sansanin 'yan gudun hijirar Bangaladash da ruwan ƙari ya ƙare masa. Da, cikin mutum 100 da suka kamu kamar 30 ke mutuwa. Sai suka koma ƙasa da 4.

Ana samun ƙullinsa a asibiti da kyamis. A zuba ƙulli 1 cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. In babu ƙullin, a sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba a tula ba. Gishiri in ya yi yawa illa ne. A riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba. Wanda ya yi kwana ɗaya cur a zubar, a haɗa sabo. A haɗa masa da ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14, kuma kada a janye masa nono ko abinci.

Iyaye da yawa kan ce, "Ai haƙori yake yi," su zauna. Wannan kuskure ne babba. Idan idon yaro ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ya kasa shan komai, ko aka ga jini a kashinsa, a kai shi asibiti mafi kusa nan take, ana ba shi ruwan a hanya.

Wani ciwon da ya yi yawa shi ne gyambon ciki, wato olsa. An saba cewa yunwa ke kawo shi. A shekarar 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano cewa galibi wata ƙwayar cuta ce mai zama a tumbi, kuma ana kashe ta da magani. Dalili na biyu shi ne yawan shan ƙwayoyin ciwon jiki irin su asfirin da ibuprofen, waɗanda ake saye wurin masu talla bayan an taso daga gona. Suna cinye bangon tumbi. Jiƙa kanwa a sha yana kwantar da zafin na ɗan lokaci ne kawai, gyambon yana nan. Wanda ya yi aman jini, ko kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta, kada ya kwana a gida. Ya tafi asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.