DARASIN LAFIYA: Jinyar Wanda Likitoci Suka Ce Ciwonsa Ba Zai Warke Ba

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata magana ce mai nauyi wadda da yawanmu mun taɓa ji a bakin likita: "Hajiya, ku koma gida, mun yi iya ƙoƙarinmu." Daga nan sai hankali ya tashi. Wasu su sayar da gona ko gwala-gwalai a shiga yawon masu magani, wasu kuma su ajiye maras lafiya a ɗaki yana murƙususu, wai ai jiran lokaci ake yi.

To, akwai wani fanni na aikin lafiya da aka ware domin irin wannan hali. Turawa suna kiransa hosfis, mu kuma za mu iya ce masa jinyar sassauci. Ana yin ta ga mai ciwon daji da ya bazu, ko ciwon hanta, ƙoda ko zuciya da ya yi nisa. Manufarta a rage masa raɗaɗi, ya yi sauran kwanakinsa cikin mutunci, a kuma tallafa wa iyalinsa. Ba a gaggauta mutuwa da ita, domin wannan haramun ne, kuma ajali na hannun Allah.

Wata Baturiya ce, Sisili Sondas, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan farko na zamani na irin wannan jinya a Landan a 1967. Ta koyar da cewa ciwon mai jinya bai tsaya a jiki ba. Akwai tsoro, akwai tunanin wa zai riƙe yara, akwai bashi, akwai damuwar haɗuwa da Ubangiji. A Amurka ana shigar da mutum tsarin ne idan likitoci suka ƙiyasta bai fi wata 6 ya rage masa ba. A Afirka kuwa, Dakta An Meriman ta kafa irinsa a Kampala ta Yuganda a 1993, inda ma'aikata ke bin marasa lafiya har gidajensu. Wannan ya fi dacewa da mu, tunda a gida muke jinyar namu.

Yanzu ga maganar magani. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa 3: a fara da irin su farasitamol, in bai yi ba a hau zuwa irin su kodin, in ciwo ya tsananta a ba da mofin, wanda akwai na ruwa da ake sha. Na san da jin kodin wasu za su ja baya, saboda ɓarnar da ya yi wa 'ya'yanmu har gwamnatin Najeriya ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018. Amma shan maye daban, magani a hannun likita daban, kuma malamai sun halatta shi saboda lalura. Abin lura, ana ba da mofin na ruwa a kan lokaci, galibi duk awa 4, ba sai mutum ya fara ihu ba. Yana kuma ɗaure ciki, don haka ki nemi likita ya haɗa da maganin sassauta bayan gida. Ki kulle shi inda yara da samari ba za su kai ba.

Ki riƙa juya shi duk awa 2 don kada gyambon kwanciya ya kama shi a ƙugu da dunduniya. Idan ya ƙi abinci a kwanakin ƙarshe, 'yar uwa, kada ki yi masa ɗure. Mu mata muna ganin ciyarwa ita ce ƙauna, amma jiki ne ya daina buƙata, kuma kunun da aka ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya yakan shige huhu. Ki jiƙa auduga ki shafa masa a leɓe. Ki taimake shi ya yi taimama ya yi salla a kwance gwargwadon iko.

Sai batun ɓoye wa mutum gaskiyar ciwonsa, wanda a ganina ba ƙaramin zalunci ba ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Yana da haƙƙin ya faɗi bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya mayar da amana, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ya yi wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba. Rigingimun gado nawa ne suka taso saboda an hana maigida wannan dama? A zaɓi mai hikima ya gaya masa a hankali, daidai abin da ya nemi sani.

Kada ki ɗauke jinya ke kaɗai. Ku raba kwana da abokiyar zama, 'yan uwansa da manyan yara, ke ma ki samu barci. A taƙaita 'yan dubiya in sun yi yawa. Idan numfashinsa ya fara sauyawa, yana ɗaukewa yana dawowa, a daina surutu da koke-koke a kansa, domin ana kyautata zaton yana ji ko da ba ya amsawa. Wanda ya fi so ya zauna kusa da shi yana laƙƙana masa kalmar shahada cikin taushin murya, in ya faɗa a ƙyale shi, ba sai an yi ta matsa masa ba.