Darasi Na 14: Ido Da Ƙwaƙwalwa

Mukan ce da ido muke gani. Gaskiya ne, amma ido ba ya gani shi kaɗai. Shi ɗan aike ne. Haske ya shiga ido, sai jijiya ta kai labari ga ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya. Nan ake gane abin da aka gani. Daga nan ƙwaƙwalwa ta ba hannu umurni, ya ɗauki alli ya rubuta.

A shekarar 1959 waɗansu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, suka bayyana binciken da suka yi a kan ƙwaƙwalwar kyanwa. Suka ga ƙananan ƙwayoyin da ke cikinta sun raba aiki. Wata tana amsawa in an nuna wa kyanwa zane a tsaye, wata sai zanen yana kwance, wata kuma sai ya karkace.

Bayan haka suka yi wani gwaji, suka ba da labarinsa a 1963. Suka rufe ido ɗaya na 'yar kyanwa tun tana jaririya, har wajen wata uku. Da aka buɗe, idon lafiyarsa ƙalau, amma ba ta gani da shi. Me ya sa? Don ƙwaƙwalwa ba ta koyi aiki da shi ba, ta koma ga ɗayan. Da aka gwada ga babbar kyanwa, ba ta makance ba. A 1981 aka ba su lambar yabo ta Nobel.

To, mu ma haka muke. Tun muna ƙanana ƙwaƙwalwa ke koyon gani. Saboda haka in muka ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, ko yaro mai harara-garke, kada mu ce zai gyaru in ya girma. Kada mu ɗiga masa kome. Mu kai shi asibiti da wuri. In yana ce, likita na iya cire ta. Wani lokaci a kan rufe ido mai lafiya na 'yan sa'o'i kullum, don ƙwaƙwalwa ta koyi aiki da mai raunin. In an makara, gyara ya yi wuya. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Tambayoyi
1. Ina jijiyar ido ke kai labari?
2. Me ya sami 'yar kyanwa da aka buɗe idonta?
3. Me za mu yi in muka ga fari a idon jariri?