Sulhu Tun Rigima Tana Ƙarama

Karatu: Farawa 13:1-12, Matiyu 18:15-17

Aljirif unguwa ce a bakin kogin Nilu, a birnin Khartum na ƙasar Sudan. An san ta da gonaki da wuraren gasa jan tubali. A shekara ta 2015 mutanen Aljirif ta Gabas suka yi zaman dirshan saboda filayen da suka ce gadonsu ne, hukuma kuwa tana da nata shirin a kansu. Maganar ta daɗe ba a warware ba. A watan Yuni na shekarar 'yan sanda suka yi harbi, aka rasa rai.

Mai karatu, tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Za ka saɓa da maigidanka a wurin aiki, da matarka ko mijinki, da ɗan'uwanka a kan gado. Abin tambaya shi ne, me za ka yi tun maganar tana ƙarama?

A karatunmu na yau, dabbobin Abram da na Lutu sun yi yawa, ƙasar ta kasa musu, makiyayansu suka fara faɗa. Ka lura da abu uku.

Na ɗaya, Abram bai jira ba. Shi ne babba, baffan Lutu ne, amma shi ya fara ɗauko maganar.

Na biyu, ya tuna wa Lutu zumuncinsu kafin ya taɓa zancen ƙasa.

Na uku, ya bar wa Lutu zaɓi. Lutu ya ɗauki kwarin Urdun mai yawan ruwa. Abram ya rasa makiyaya mai kyau, amma bai rasa ɗan ɗan'uwansa ba. Sulhu yakan ci maka wani abu.

Ubangiji Yesu kuma ya ba mu hanyar bi. Ka je wurin wanda ya yi maka laifi, ku biyu kaɗai. In bai ji ba, ka tafi da mutum ɗaya ko biyu. Sai wannan ya gagara ne za a kai gaban ikilisiya. Sau da yawa mukan juya tsarin: kowa a kasuwa ya ji laifin kafin mai laifin ya ji.

Mutanen Sudan suna da al'adar sulhu da suke kira judiyya. Dattawan da ake ce musu ajawid sukan saurari kowane gefe, don mutane su iya ci gaba da zama tare. In za ka nemi mai shiga tsakani, nemi irin wannan, wanda abokin faɗanka ma ya yarda da shi.

Wane ne kake kauce wa gaisuwarsa? Je ka same shi yau.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni tawali'u in fara neman sulhu, da kunnen sauraron ɗan'uwana. Cikin sunan Yesu. Amin.