Me ya haɗa ma'aikacin laburare da koyon iya magana?

Wani mai sauraronmu daga Sarkin Dawaki a Jalingo ya tambaya: me ya sa ake koya wa masu karatun digiri na biyu a fannin laburare hulɗa da jama'a, alhali aikinsu tsara littattafai ne? To malam, tsara littattafai rabin aikin ne. Tun 1968 masani Ba'amurke Robert Taylor ya nuna cewa mai shiga laburare ba kasafai yake faɗin ainihin bukatarsa da farko ba. Ɗaliba za ta nemi littafin noma, nan kuwa cutar da ke cin doya take bincike a kai. Idan ma'aikaci ya nuna mata jerin littattafai da yatsa bai ko ɗago kai ba, hannu wofi za ta fita. Wanda ya samu horo zai amsa gaisuwarta, ya tambayi aikin da malaminta ya ba ta, ya maimaita abin da ya fahimta don ta gyara masa.

Wasu na cewa iya hulɗa baiwa ce, ba a koyonta a aji. Fara'a kam baiwa ce, amma yin tambaya da haƙurin jiran amsa ana koyonsu da gwaji: ɗalibi ɗaya ya zama mai nema, ɗan'uwansa ma'aikaci, malami yana gyara. A Jalingo kuwa, inda Mumuye da Fulani da Jukunawa ke haɗuwa a Jami'ar Jihar Taraba, wani ma kunyar Turancinsa ce ke hana shi buɗe baki, kuma ma'aikacin da ya samu horo ne zai lura da hakan.