Zuwa ga ƙannena da aka cire wa ƙarfen haƙori



Na san farin cikin da ke rufe mutum ranar da likita ya ɓanɓare masa ƙarfen nan. Shekara ɗaya da rabi ko biyu kuna fama da waya da tsamin haƙora, kun haƙura da rake da aya, yau ga haƙora sun jeru ras. Sai likita ya miƙo muku wani ɗan abu cikin ƙaramin akwati, ya ce ritena ce, ku riƙa sawa. Da yawanku kukan karɓe ta kamar tsarabar sallama, ku jefa cikin jaka. A nan wahalarku da kuɗin iyayenku suke fara salwanta, abin kuwa yana ci mini rai.

Wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da saiwar haƙori a jikin ƙashin muƙamuƙi. Sa'ad da waya take jan haƙori, ƙashin da ke gabansa yana zaizayewa, sabo yana fitowa ta bayansa. Ranar da aka cire ƙarfe, wannan aiki bai kammala ba. Sabon ƙashin bai yi ƙwari ba, zaruruwan dasashi kuma sukan kai kusan shekara kafin su saba da sabon mazauni, duk tsawon lokacin suna janyo haƙori ya koma inda ya fito. Wanda aka rufe wa wushirya, ko aka juya masa haƙorin da ya murɗe, shi ya fi kowa shiga wannan haɗari. Ko bayan shekarar ta wuce, haƙoran gaba na ƙasa suna da halin cunkushewa yayin da mutum ke manyanta, har ga wanda bai taɓa sa ƙarfe ba. Shi ya sa likitoci ke cewa a watannin farko a sa ritena na tsawon sa'o'in da aka ƙayyade, daga baya a ci gaba da sawa da dare muddin ana son jerin ya ɗore.

Ko wace iri aka ba ku, mai waya da faranti irin wadda Charles Hawley na Amurka ya fito da ita a 1919, ko ta roba garai-garai da ba a cika ganinta a baki ba, zafi ne babban maƙiyinta. Kada ku zuba mata tafasasshen ruwa da sunan kashe ƙwayoyin cuta, lanƙwashewa za ta yi. Kada ku bar ta cikin mota da rana tsaka a watan Afrilu. Ku cire ta kafin cin abinci ko shan shayi. Lemon kwalba ma haka, domin sukari kan maƙale tsakaninta da haƙori ya jawo ruɓewa. Ruwan sanyi da burushi mai laushi da ɗan sabulun ruwa sun wadatar kullum. Man goge baki yana kankare ta roba, ta dushe, datti ya sami wurin zama.

Ina roƙonku, kada ku naɗe ta cikin takarda a wurin biki ko a makaranta. Haka ake kwashe ta da ragowar abinci a zubar. In ba ta cikin baki, to tana cikin akwatinta.

Ku kuma da aka manna wa siririyar waya a bayan haƙoran gaba, ku koyi zura zaren sakace ta ƙarƙashinta, don asuwaki da burushi ba sa kaiwa can. Ranar da harshe ya ji gefe guda ya saki, ku je asibiti cikin makon.

In kun yi kwanaki ba ku sa ba, kuka ji ta matse, haƙoran ne suka fara tafiya. Idan ta shiga, ku koma sawa kamar farko. Idan ta ƙi, kada ku danna ta da ƙarfi, kada kuma kunya ta hana ku komawa wurin likitan. Ku tafi da ita a hannu ya gani, ya sake auna muku wata tun tazarar tana ƙarama.

Wassalam,
yayarku.